Motar da Ba Ta Ciwo a Gaban Lawan

Duk wanda ya zauna a Rafin Guza ya san Malam Hamisu Direba, in ma bai san fuskarsa ba ya san hayaƙin motarsa. Bazazzagi ne, ɗan siriri mai gashin baki irin na tarwaɗa. A ma'aikatar gwamnati ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana jan manya, yana buɗe musu ƙofa suna shiga ba ko sannu. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin motoci, sai ya tattara kuɗin sallamarsa ya sayi wadda ya saba ja, wata doguwa, fara, mai wurin kaya a baya. Matarsa Harira ta zagaya motar ta ce, "Mazan mutane in sun tsufa Makka suke tafiya, nawa bola ya kwaso mana."

A faɗi gaskiya, bolar ta ciyar da su. Ta ɗauki buhunan masara, ta ɗauki 'yan biki, ta kai masu naƙuda asibiti. Sannu a hankali keke-napep ya kwashe duk wannan, sai aiki ɗaya ya rage masa: Rabi mai abinci ta Hayin Banki, wadda ke dafa wa ma'aikatan ofisoshi shinkafa da tuwo. Da hantsi zai loda kulolinta, ya bi ofis-ofis yana saukewa kafin azahar. Da wannan ake ɗora tukunya a gidansa, ba wani abu bayan shi.

To, sai motar ta tsiro da hali. Da safe ko bisimilla bai ƙarasa ba ta tashi. Amma bari ta sha rana da cunkoson Kawo, ya kashe ta a ƙofar ofis ya shiga da kula. In ya dawo ya murɗa makulli, sai ta yi ta gurnani kamar mai minshari, ba za ta kama ba har sai ta huce don kanta. Barin ta a kunne kuma ba dama: masu gadi ba sa yarda hayaƙi ya shiga tagar oga, ga fetur ya zama turare. Kafin ta yarda ta tashi, miya ta daskare, ma'aikatan ofis na gaba sun aika an sayo musu burodi.

"Baba Hamisu, ni fa kunyarka nake ji," in ji Rabi. "Amma jiya wata ta bugo waya tana tambayata ko a firij nake girki."

"Za a duba ta, Hajiya. Gobe-goben nan."

Mai dubawar shi ne Lawan Bakanike, wanda garejinsa ke ƙarƙashin wata dalbejiya a Kawo. Bakano ne, ƙaton gaske, kuma gwani, wannan ba mai musu. Sai dai kowa ya san tsakanin Bakano da Bazazzagi: ba a haɗuwa a wuce. Hamisu zai iso da mota tana tiriri, ya kashe, ya yi sallama. A tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi ciwon ƙafar Harira. Sannan a buɗe wasa.

Lawan ya ce, "Ah, bawana ya zo gaisuwa! Zage-zagi, yau ma girman kan aka karya da shi?"

"Rufe mana baki, Bakano. Kai da in an ce ka yi salati sai ka tambayi nawa za a biya."

A yi dariya, a kawo shayi, a kira salla. In an idar, Lawan ya jawo jikinsa ya zauna a kujerar direba, ya taɓa makulli. Vum! Kamar yau aka sauke ta daga jirgi.

"Ina ciwon? Kai dai ka ce kewata ta kama ka."

Ba wai Lawan bai yarda ba ne. Ya ma yi masa bayani dalla-dalla. "Mota irin wannan, in ta ƙi tashi da zafi, ko wuta ce ta ɗauke ko mai ne bai iso ba. In na zare wayar filogi ka murɗa ban ga tartsatsi ba, kwayil ne ya yi zafi. In akwai wuta, to man ne ke tafasa a bututu kafin ya kai kafireto, ko famfon ya gaji. In duka biyun suna nan, injin ne ya tsufa kamar mai shi. Amma sai na same ta cikin ciwon. Ba na yi wa mai lafiya allura."

An gwada kunna ta a inuwa ta daɗe tana aiki, ta ƙi nuna komai, don ita sai da kaya da rana take borinta. An gwada kiran Lawan a waya daga bakin titi. Kafin ya sami keken da zai yarda ya ɗauki wannan jiki, ta huce. Ila rewaya, mai gyaran wayoyin mota a maƙwabtan garejin, ya canza kwayil a kan zato. Aka canza filogi. Wani ya ce a naɗe famfon da jiƙaƙƙen tsumma, Hamisu ya koma yawo da ruwan leda kamar mai jinyar zazzaɓi. Wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta ƙi, ba wanda ya san don me.

Ranar da shinkafa ta dawo wa Rabi kula guda ba a taɓa ba, ta daina jin kunya. "Baba, in makon nan ya ƙare ba a gyara ba, ka yafe ni."

Harira ce ta faɗa masa abin da kowa ya gani shi bai gani ba. "Malam, ba motar ce ke yaudararka ba, bakinka ne. Ka je, kada ka gaishe shi. Ka kamo wuyan rigarsa ka tura kansa cikin injin. In ya so ka gaishe shi har magariba daga baya."

Mutumin da ya tsufa yana rusunawa aka ce ya shiga wuri ba gaisuwa! Amma ya ɗaura niyya. Ranar Alhamis ya gama rabo da ƙyar, da turi da roƙo, ya nufi Kawo da rana tsaka, injin har wari yake. Ya tsaya bai kashe ba, ya ɗora dutse a kan totur, ya fito da sauri.

Sai ya tarar da tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya, dattawa sun jeru. Lawan na tsakiya da farar riga, ido jawur. Mahaifiyarsa ce ta rasu da asuba, an dawo daga maƙabarta ke nan.

Hamisu ya cire takalmi ya durƙusa. "Ya haƙuri, Lawan? Allah Ya jiƙan Inna."

"Haƙuri sai Ma'aiki. Na gode, Malam Hamisu." Yau ba bawa, ba Bakano.

Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, mota na ta ƙugi a bayansu, hayaƙi na bin sahu. Wani dattijo ya yi tari ya waiwayo. "Bawan Allah, a kashe mana wannan mana."

Ya tashi ya je ya kashe. Ya tsaya da hannu a kan bonet, zafi na cin tafinsa. A daidai wannan lokacin ciwon na nan, ga Lawan taku kaɗan. Ya dubi Lawan, ya dubi tabarmi. Ya koma ya zauna, ya shafa fatiha tare da jama'a, ya yi ta karɓar baƙi har la'asar. Da zai tafi, taɓawa ɗaya ta tashi. Lawan ya ɗago kai a gajiye ya ce, "Bayan addu'ar bakwai ka kawo ta."

Ranar Litinin Hamisu ya je Hayin Banki kamar kullum, ya ratso cunkoso. A ƙofar Rabi ya ga keke-napep an cika shi da kuloli, har an ɗaure da igiya. Ya kashe mota ya fito, don ba a gaisawa daga cikin mota. Rabi ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta zubo masa shinkafa da nama biyu, ta ce Allah Ya buɗa wata ƙofar. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya shiga ya murɗa makulli.

Ta yi gurnani, ta ƙi.

Keken ya kewaye shi ya wuce. Shi kuwa ya zauna a ƙofar gidan da aka sallame shi, kwano a cinya, yana jiran ta huce.