Barmo da Goɗiyar Attahir

A Falanko, cikin ƙasar Damargu, shekaru kaɗan bayan da tashin hankalin Abzin ya lafa Nasara suka zauna daram, an yi wani mutum ana ce da shi Barmo. Ba shi da sarauta, ba malami ba ne, gonarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Hawan doki kawai aka san shi da shi. Tun yana saurayi Maigari ya ɗauke shi ɗan aike, ya ɗora shi a kan wani baƙin ingarma mai faɗin ƙirji. In kumandan, Baturen da ke mulki a Tanut, ya aiko a kai gero, ko a tara mutanen aikin hanya, Barmo ke kai amsa. In shanu suka shiga gonar wani, shi ke bin sawu har ruga. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, bai sake aure ba. Yayarsa Hajjo, wadda ke aure cikin gari, ita ke aiko masa da tuwo. Bai damu da zaman gida ba, tunda rabin rayuwarsa a kan sirdi yake yin ta.

Wata kaka Maigari ya aike shi wajen makiyayan kwarin Tarka. A hanyar dawowa, da hantsi, ya sakar wa dokin linzami a wani fili mai ciyawa. Ciyawar ta rufe ramin dabgi. Ƙafar dokin ta gaba ta faɗa ciki ta karye, ya kifa, ya danne Barmo daga ƙugu zuwa ƙasa.

Dokin bai mutu ba. Duk sanda ya yunƙura zai tashi, sai ya sake faɗowa kan mai shi da dukan nauyinsa. Barmo ya yi kira har murya ta dushe. Rana ta take, ta karkata, ungulaye suka sauko kan wata aduwa suna jira. Sai wajen la'asar wani makiyayi mai suna Attahir, mutumin Abzin da ke kiwon raƙuma a kwarin, ya hango tsuntsayen ya biyo ya ga abin da ke nan. Ya yanka dokin don ya huta, ya ɗaura masa igiya raƙumi ya janye shi, ya ɗora Barmo ya kawo shi gida.

Maɗori ya yi aikinsa. Kafin damina Barmo ya tashi, yana ɗan ɗingishi da ba kowa ke lura ba. Maigari ya sa aka kawo wani doki ƙofar gida, mutane suka taru suna yi masa barka. Barmo ya kama geza, ya sa ƙafa a likkafa. Warin gumin dokin ya bugi hancinsa, nan take ƙirjinsa ya toshe. Zufa ta karyo masa kamar an watsa masa ruwa. Ya cire ƙafar ya ja da baya.

Maigari ya ce, "Lafiya, Barmo? Ƙafar ce?"

"Ƙafar ce, ranka ya daɗe."

Amma kowa ya ga ba ƙafar ba ce. Aka kawo malami ya yi masa rubutu ya sha, aka yi turare, ya sake gwadawa a bayan gida inda ba idon jama'a, abin bai canza ba. Daga baya ko sukuwa ya ji daga nesa sai ya juya ya bar wurin. Maigari ya jira shi iya jira, sannan ya ba wani mai suna Lawali aikin.

Babu wanda ya zage shi. Da ma zagin aka yi, da ya san abin da zai mayar. Sai dai in ya iso inuwar da mahaya ke zama suna hirar dawaki, hira ta mutu, wani ya shiga tambayarsa labarin gero. Ya gane tausayinsa suke ji, tausayin kuwa ya fi ƙarfinsa. Ya kwashe 'yan kayansa ya koma gona, can bayan gari, ya kafa bukka kusa da wata tsohuwar rijiya. Hajjo ta biyo shi tana faɗa.

"Kai kaɗai a daji kamar wanda ya yi wa gari laifi? Doki ne farkon duniya?"

"Yaya, ki bar ni in huta tukuna."

Ta bar shi. Ran Juma'a yakan shigo masallaci, ya biya ta gidanta ya gaishe ta, ya koma tun kafin a watse. Sauran kwanaki shi da fartanya ne. Wani lokaci sai ya lura tun safe bai yi magana da kowa ba, ya yi gyaran murya don ya ji ko tana nan.

Bayan damina biyu, ran nan da safe yana sassabe, sai ga Attahir a ƙasa, yana jaye da wata jar goɗiya. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. A bayanta, inda sirdi ke zama, akwai miki kamar faɗin tafin hannu, ƙudaje sun rufe shi. Gefen bakinta ma a tsage yake.

Suka gaisa, Barmo ya ɗebo masa ruwa. Attahir ya sauke rawani daga baki ya sha, ya ce, "Sojojin Nasara suka karɓe ta aro, suka tafi da ita rangadi. Haka suka mayar mini. Mu kuma za mu arewa mu kai raƙuma shan gishiri, ba za ta kai ba. Na kawo maka ajiya."

Barmo ya tsaya nesa da ita. "Ba ka ji labarina ba ne? Ni na bar hawa."

"Na ji. Shi ya sa na wuce gidaje da yawa na zo nan. Duk wanda na ba shi, miki na rufewa zai ɗora mata sirdi."

Barmo ya so ya ƙi, amma mutumin da ya zaro shi daga ƙarƙashin doki ba a ce masa a'a. Attahir ya kafa turke ƙarƙashin wata magarya, ya ɗaure ta, ya yi sallama ya tafi.

Kwanakin farko daga nesa yake jefa mata harawa. Ita ma ba ta son shi. Da ya matso sai ta kwantar da kunne, ta ja igiya har ta kusa shaƙe kanta, idanu a waje. Ya tsaya yana kallon yadda fatar wuyanta ke rawa, ya duba hannunsa ya ga shi ma rawar yake yi. Dariya ta kuɓuce masa, wadda ya daɗe bai yi ba.

Ya ce mata, "To, baiwar Allah, wa zai fara?"

Mikin ne ya tilasta shi, don tsutsa ta fara shiga. Ya dafa ruwa da kanwa, ya daka bagaruwa ya tankaɗe, ya roƙi Hajjo ɗan man shanu. Ya zauna a ƙasa inda igiyarta ba ta kaiwa, da ƙwaryar dusa a gabansa, bai dube ta ba. Kullum yakan ɗan matsar da wurin zaman. Ran da ta miƙo wuya ta ci dusar a gabansa, numfashinta na dukan gwiwarsa, ya runtse ido yana salati har ta gama. Kashegari ya wanke mikin. Ta harba sau ɗaya, ba ta same shi ba, ya koma gefe ya jira zuciyarsa ta kwanta, ya dawo ya ƙarasa. Ya saƙa mata ɗan asabari yana rufa mata a baya saboda ƙuda da tsuntsaye.

Da miki ya rufe, farin gashi ya tsiro a wurin. Ya fara fita da ita kiwo a ragama, shi gaba ita baya, su bi gefen gonaki har fadama su dawo. Mata masu zuwa itace suka riƙa kallonsu. Labari ya kai gari cewa Barmo ya samu goɗiya amma ita ce uwargijiyar, shi ke yi mata zagi, yana tafe a gabanta kamar bara. Lawali ya zo da kansa, da kyakkyawar niyya, ya ce a ba shi ita mako guda ya hore ta, ai linzami mai kyau da ƙaimi za su gyara ta.

Barmo ya ce, "Su suka kawo ta nan. Kuma ajiya ce."

A wannan yawon ne bakinsa ya buɗe. Yana tafe yana ba ta labarin matarsa, da labarin baƙin ingarma, da yadda rana ke yi wa mutum in yana kwance bai iya juyawa. Abin da bai taɓa gaya wa Hajjo ba, goɗiyar ta ji shi duka tana tsinkar ciyawa.

Bai yi niyyar hawa ba. Wata rana cikin bazara suna cikin busasshiyar ƙorama mai zurfin rairayi, tsohuwar karayar ta motsa, ya kasa taka ƙafa. Ya jingina da ita, ya ɗora hannuwa a bayanta. Ba ta gusa ba. Daga ranar, duk sanda suka zo wurin sai ya hau wani kututture ya kwantar da ƙirjinsa a kanta, ya sauka. Sun daɗe a haka. Ran da ya wurga ƙafa ya zauna sosai, tsoron ya zo masa cif kamar yadda ya saba, ƙirji ya toshe, ido ya yi duhu. Ya riƙe geza, ya ce a ransa in ya faɗi rairayi ne. Goɗiyar ta juyo da kai ta sansana yatsun ƙafarsa, ta yi ajiyar zuciya, ta tsaya. Ya zauna har duhun ya washe, ya ga ƙorama, ya ga bishiyoyi. Sannan ya zamo ƙasa, ya zauna cikin rairayi ya yi kuka, ba mai ganinsa.

Ya ciro tsohon sirdinsa ya kai wa baduku, suka farke shi suka ƙara masa auduga, suka bar rami daidai inda tabon yake. Linzami kuwa bai sake shiga bakinta ba, da ragama yake juya ta. Ya fara da zagaya gona, daga baya har kasuwannin kusa. Bai taɓa yin sukuwa ba, kuma tsoron bai rabu da shi gaba ɗaya ba. Akwai safiyar da zai sa ƙafa a likkafa ya ji abin ya taso, sai ya sauke sirdi, su tafi a ƙasa. In ita ce ta tashi da kunne a kwance, ita ma yakan ƙyale ta.

Attahir bai dawo a shekarar ba, bai dawo a ta bayanta ba. Duk ayarin da ya sauko daga arewa sayen gero, Barmo yakan je zango ya tambaya. Wasu su ce sun gan shi wajen rijiyoyin Belbeji, wasu su ce ba su san shi ba.

Wata kaka, ana cikin yankan gero, wani dogon mutum ya sauka daga raƙumi a bakin gona. Ya ce sunansa Aghali, ƙanen Attahir ne. Attahir ya rasu tun bara, ciwon ciki, ya bar mata da yara ƙanana. Kafin ya cika ya faɗa musu akwai goɗiya a Falanko wajen wani Barmo, in ta rayu.

Barmo ya yi masa ta'aziyya, ya dama masa fura. Sannan ya je ya kwanto ta. Aghali ya zagaya ta yana shafa wuyanta, ya dubi Barmo, ya dubi bukkar da ba kowa ciki.

Ya ce, "Da tawa ce, da na bar maka ita."

"Na sani. Ta marayu ce."

Ya ba shi sirdin ma, ya nuna masa ramin da aka bari da dalilinsa. Ya ce kada a sa mata linzami, kada a zo mata ta baya da sauri, a sauke sirdi da zarar rana ta yi zafi. Ya faɗa, ya sake faɗa, Aghali na gyaɗa kai. Ya raka su har inda gonaki suka ƙare. Goɗiyar ta bi raƙumin ba gardama, ta yi haniniya sau ɗaya da suka hau tudu. Ya tsaya har suka ɓace, ya koma ya ci gaba da yankan geronsa, don rana ba ta faɗi ba.

Ran Juma'a Hajjo ta ga ya shigo a ƙasa, ba ta tambaye shi ba, labari ya riga shi isowa. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta ce akwai ɗakin da babban ɗanta ya bari, rufinsa kawai za a gyara.

Ya ce, "Sai na kai gero rumbu, Yaya."

Bai koma gari a shekarar ba, sai da ƙafar ta matsa masa bayan wasu shekaru. Bai sake mallakar doki ba, jaki ya saya don ɗaukar kaya. Amma mutanen ƙauyukan kusa sun ɗauki al'adar kawo masa dabbar da sirdi ya ci wa baya, ko wadda aka daka har ta daina yarda da mutum. Yakan riƙe ta wata biyu ko uku ƙarƙashin magaryar, in ta warke mai ita ya zo ya tafi da abinsa, a bar masa damin gero ko ɗan akuya.