Ranar da Auta Ta Ƙi Amsa Kira

Wautata ce, na yarda. Na ɗauko littafin a ɗakin karatu na kwalej don kawai na ga zane a ciki, na zaci irin na ban dariya ne, inda ake bin ɓarawo da taɓarya. Ko bangon ban karanta ba.

Ashe labarin wata tsohuwa Bayahudiya ne, jikarta ta zana shi. Lokacin babban yaƙin Turai tana ƴar yarinya, sojoji suna bi gida-gida suna kwashe Yahudawa, aka ɓoye ta ƙarƙashin daɓen wani ɗaki. Shafi huɗu baƙi ƙirin, sai idanu biyu da ƴar tsagar haske. Ni da nake cika baki cewa ko kura ta gan ni sai ta gaishe ni, sai da na waiwaya bayana da rana tsaka.

Maimakon in ci tsorona ni kaɗai, sai na ɗiba wa ƙanwata Auta, mai shekara shida. Tana nuna zane, ina juya faransanci zuwa Hausa, ina ƙara gishiri. Soja biyu na mai da su ɗari.

"Yaya, don me ba ta amsa ba da aka kira ta?"

"Wanda ya amsa, an tafi da shi. Ko muryar Inna kika ji, shiru."

"Suna zuwa nan Dakoro?"

"Sun ma iso Kornaka, nan kusa da mu," na ce, ina danne dariya.

Washegari da azahar, tsakiyar bazara, motocin soji suka wuce ta bakin hanya kamar yadda suka saba. Aka nemi Auta, aka rasa.

Inna ta zagaye maƙwabta ba takalmi. Aka duba garke, aka duba bayan ɗaki. Duk kiran da ta yi, na san ko Auta na ji ba za ta amsa ba. Ni na koya mata.

Rumbu kaɗai ba a duba ba. A gidanmu ba mai buɗe shi sai Baba, Inna kanta ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Amma ni na taɓa nuna wa Auta inda ake ɗora ƙafa a hau. Rumbun laka ne, a ranar nan ko ƙwai aka ajiye ciki zai dahu. Na tsaya ina tunanin dorina, har na ga Baba ya ɗaura igiya a ƙugu zai shiga rijiya.

"Baba, a duba rumbu."

Ya kwance igiyar, ya nufi rumbun. Ya hau, ya ɗaga murfin. Tana kwance kan damman gero, jikinta sharkaf, leɓɓanta sun bushe, ta ƙanƙame guntun tuwon jiya. Ya kira ta, ta buɗe ido, ta sa yatsa a baki wai ya yi shiru.

An kai ta likita, aka yi mata ƙarin ruwa, ta dawo gida washegari. Ba a doke ni ba. Baba ya yi mako guda bai yi mini magana ba.