Shekara Tara da Rasuwar Yaya Hajara, Ɗalibar da Na Hana Magana

Wannan watan Yaya Hajara ta cika shekara tara da rasuwa, kuma har yau in na tuna ta sai zama ya gagare ni.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Atamfa take sayarwa a Zongon Parakou, ni kuwa ina koyar da Ingilishi a wata sakandare a Djougou. Ɗanta Sanusi ya zauna a Amurka, can aka haifi 'yarsa Nana, wadda ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Duk sanda aka ba ta waya, sai kaka da jika su yi ta sauraron numfashin juna. Ranar nan Yaya ta ce mini, "Auta, 'ya'yan mutane kake koya wa. Ni ma koya mini in yi hira da jikata."

Duk Asabar nakan hau mota in je. Gaisuwa da ƙirga ba su ba ta wuya ba. Amma ba gaisuwa take so ba, labari take so ta bayar: yadda mahaifinmu ya zo Parakou, yadda ta yi goyon Sanusi. Labari kuwa sai da kalmomin abin da ya wuce. Na nuna mata ƙa'ida: a ƙara ed a ƙarshe. Ta ji daɗi. Sai na ce amma go yakan koma went, see ya koma saw, buy ya koma bought.

"Wa ya yanke haka?"

"Haka aka tarar, Yaya. Haddacewa ake yi."

"To masu bin ƙa'idar su ne ba a bukata, marasa kunyar nan kuma su ne na kullum?"

Gaskiya ta faɗa. Ta haddace su tsakanin ciniki da ciniki, tana auna yadi tana maimaitawa. Ni kuma ban tsaya nan ba. Na ɗora mata dokokin rubutu, inda ake ninka harafin ƙarshe a stopped, inda y ke komawa i a carried, alhali ba wasiƙa za ta rubuta ba. Duk sanda ta ce ta shirya, sai in ce ta dakata, kada yarinya ta yi mata dariya. Yanzu na san ba ita nake karewa ba. Kunya nake ji a ce yayar malamin Ingilishi ta ce goed.

Ciwon kwana huɗu ya ɗauke ta. Na yi shekara takwas ina ɗauke da cewa ni na hana ta magana da jikarta.

Yau waya na fassara magana nan take. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da tana raye. Wani lokaci ina jin za ta yi murna, wani lokaci kuma ina jin muryarta tana cewa ba ta son ɗan aike tsakaninta da jikarta. Ban sani ba. Ɗalibaina kuwa suna tambayata amfanin hadda tunda ga waya, kuma amsata ba ta gamsar da ni kaina.

Bara Sanusi ya zo gida da Nana, ta zama budurwa. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kaka, saurari wannan." Muryar Yaya ce da Ingilishi, minti huɗu, tana ba da labarin ranar da aka haifi Sanusi ana ruwan sama. Ashe Yaya ta aika mata a ɓoye, wata biyu kafin rasuwarta, ta kuma gargaɗi Sanusi kada Auta ya ji. Nana ta ce ta san labarin da ka.

Abin da ba zan ɓoye wa masu karatu ba shi ne, ina sauraro ina ƙirga kurakurai. Na kai bakwai kafin na lura yarinyar tana motsa leɓe tare da kakarta, har da kurakuran, ba ta gyara ko ɗaya ba.

Shagon atamfa ya koma hannun wasu. Abin da ya rage na Yaya shi ne minti huɗun nan, kuma sun wanzu ne don ta ƙi bin maganata. Allah Ya jiƙanta, ni kuma Ya yafe mini.