Randunan Gidan Khal

A makon da Baba zai bar Jidda ne ya ce in kai shi gidan khal. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare, kafilin da ke sabunta masa ya rasu, magadansa kuma ba su ga dalilin riƙe dattijon da ba ya iya ɗaukar kaya ba. A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, kuma duk hanyar da na bi don ya zauna ba ta ɓulle ba. Ko wataƙila ni ne ban san hanyoyin ba, har yau ban tabbata ba.

Gidan yana cikin tsohon gari, bayan Bab Makka. A ƙarƙashinsa akwai ɗakin ƙasa inda masu gidan suke haɗa khal na dabino tun kakanni, ruwan tsamin nan da ake zubawa a salak. Nan Baba ya yi aiki tun yana sabon zuwa daga Sudan, har gwiwoyinsa suka hana shi hawa da sauka.

A saman kowace randa akwai wani abu mai yauƙi kamar danyar fata, shi suke kira uwa. Ba a fara sabuwar randa sai an ɗebo uwa daga tsohuwa, don ruwan dabinon ya yi tsami da wuri, kada ya tsaya a giya. Al'adar gidan ce, duk ma'aikacin da zai koma ƙasarsu, a yanka masa ɗan yankin uwa ya je ya fara tasa randar. Baba da hannunsa ya yanka wa mutane da yawa. Tasa ya je karɓa. Ya ce a Gadarif, can Sudan inda zai koma, akwai dabino, akwai randa a gidan ƙanwarsa, ba zai zauna hannu sake yana jiran a ba shi ba.

Ni damuwata daban ce. Na yi ta tambaya ko za a bari uwar ta shiga jirgi, ko zafi zai kashe ta a hanya. Ban tambayi abin da ya kamata in tambaya ba.

Mun tarar an gyara gidan, an buɗe shi ga masu yawon buɗe ido. Jikan mai gidan ne ya tarbe mu, ya sumbaci Baba a ka, yana kiransa ammi, wato baffa.

"Ya ammi! Kai ne ka ɗura mini khal ina yaro, ka ce zuma ce!"

"Ai ba ni na aike ka ka buɗe randa ba," in ji Baba. "Har yanzu fuskarka ba ta warware ba."

Suka yi dariya. Muka fara sauka, Baba yana dafe da kafaɗata. A tsakiyar matakala ya tsaya, na zaci gwiwa ce.

"Ɗana, mura nake yi ne? Ba na jin wari."

Ni ma ban ji ba, amma ban san yadda wurin yake a da ba, sai na ce wataƙila na'urar sanyi ce ta janye shi.

Randunan suna nan a jere jikin bangon dutse, an sa wa kowace fitila a ƙasa, an gitta igiya a gabansu. Baba ya ɗaga igiyar ya shige, ya buɗe murfin ta farko ya zura hannu har kafaɗa. Ya fito da hannun a bushe.

"Ya ammi, an wanke su lokacin gyara," in ji jikan, muryarsa ta yi ƙasa. "Danshinsu yana cin bango. Yanzu a ma'aikatarmu ta Khumra muke haɗawa, a tankunan ƙarfe."

"Duka?"

"Duka."

"Har ta kusurwa? Wadda kakanka ya gada?"

"Wallahi ban san tana da muhimmanci haka ba. Masu gyaran sun ce datti ne ya taru a sama."

Ban ga laifin yaron ba, ina jin Baba ma bai gani ba. Ya mayar da murfin a hankali, ya daidaita shi.

A sama, ɗakin ɗanɗano, aka kawo mana ƙananan kofuna da gutsattsarin gurasa. Baba ya tsoma, ya tauna, ya ce, "Ba laifi, Allah ya sa albarka." Na tambayi jikan ko na Khumra zai iya haifar da uwa idan an ajiye shi. Ya ce ana dafa shi kafin a rufe a kwalba, bai sani ba. Na ce wa Baba zan nemo ɗaya daga cikin waɗanda ya taɓa yanka wa, wataƙila wani ya riƙe tasa da rai.

"A ina za ka same su?" ya ce. "Halas, shi ke nan. Yalla, mu tafi, kada la'asar ta wuce mu."

Na nema bayan tafiyarsa, gwargwadon iyawata. Ɗaya ya rasu, ɗaya kuma ɗansa ya ce bai taɓa jin zancen ba. Idan na kira Gadarif, ƙanwarsa ce ke ɗauka. Takan ce yana zaune a ƙofar gida, lafiyarsa ƙalau, ba ya dai yin komai.