Masu Noma a Kan Gajimare

Ina 'yar shekara goma sha bakwai na cika littafin makaranta guda da labarin wasu mutane masu zama a kan gajimare. A can suke noma, ba su san rijiya ba, ba su san jaki ba. Da na zo sa musu karin magana a baki sai na ga namu ba za su shiga ba, don wanda bai taɓa ganin rijiya ba me zai ce a kanta? Sai na riƙa ɗaukar na kakata ina sauya musu kaya: inda jaki yake na sa shamuwa, inda rijiya take na sa raɓa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai taƙamar Hausar asali a unguwarmu ta Hausawa da ke garin Gadarif, can gabas cikin Larabawa. Ya tsinci littafin, ya karanta wa baƙinsa suna ta dariya.

"Ke da Larabci ya cinye miki harshe, ke ce za ki gyara maganar kakanni? Kalas!"

Ya yayyaga shi ya hura garwashin jabana, butar dafa gahawa, da shi. Wallahi na tsane shi ranar, kuma na ƙulla masa.

Bayan shekara shida, da kakar riɗi, aka kawo masa manoma biyu daga Basunda su yi sulhu kan iyakar gona. Irin wannan zama da karin magana dattijo yake buɗe shi, kuma da shi ake auna nauyinsa. Ina zuba gahawa na ji ya gyara murya ya kawo nawa, na shamuwar nan, bai rage ko harafi ba. Wai daga bakin kakansa da ya taso daga Kano a ƙafa ya ji shi.

Na ajiye jabanar a hankali.

"Kawu, Allah ya ƙara girma, ashe kakanmu ma ya yi noma a kan gajimare?"

Biyu daga cikin baƙin da ya karanta wa littafina wancan karon suna zaune a wurin. Ɗaya ya fara tari, ɗayan ya fashe da dariya ya ba kowa labari. Manoman suka tattara takalmansu suka tafi wurin liman.

Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Shi kuwa ba a ƙara kawo masa sulhu ba har ya rasu. Na je gaisuwa, na yi masa addu'a tsakani da Allah. Amma har yau ban yi nadama ba, kuma ban iya sake rubuta labarin ba.