Malam Haladu da Fayif ɗin Tarwaɗa

Duk wanda ya san Malam Haladu a cikinku ya san ba ya wuce bututu bai zura masa yatsa ba. Ko na famfon masallaci ne, ko salansar babur ɗin baƙo, sai ya tsugunna ya gwada, ya miƙe yana kaɗa kai: "Yatsu biyu. Ya yi kaɗan." Akwai ranar da salansa ta ƙona shi, amma kuna tsammanin ya daina? Hannu kawai ya canza! Ni Ado, taubashinsa, na fi kowa shan wahalar wannan hali, don babu kasuwar da muka je tare ban tsaya jiransa cikin rana ba.

Ba da halin aka haife shi ba fa. Shekarun tsadar nan ne suka jawo, lokacin da taki ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Haladu gona ɗaya ta rage masa, wadda ya gada wurin mahaifinsa, ga iyali cike da gida. Sai dillalin nan Ɗan'azumi ya fara zarya, wai wani Alhaji daga Kano yana sayen filaye. Makwabtansa na gabas da na yamma suka sayar. Haladu ya ce shi ba zai sayar ba, tarwaɗa zai kiwata ya ciyar da gidansa.

Na ce, "Kifi? A garin da ruwan alwala ma sai an yi dabara?"

Ya ce, "Wa ya ce maka zubarwa zan riƙa yi? Zagayawa zai riƙa yi, Ado."

Ya sayar da awakinsa ya gina kwamin siminti a bayan ɗakin matarsa Asabe. A gindin kwamin ya binne durom, ya cika shi da tsakuwa da gawayi. Wai ruwa mai datti zai gangaro ta fayif ɗaya ya shiga durom ya tace, wani ɗan inji mai aiki da sola ya mayar da shi sama ta fayif na biyu.

Ranar kasuwar Tsanyawa muka je sayen fayif ɗin. Mai kayan famfo ya tambaye shi wane kauri yake so na shiga, wanne na fita. Haladu ya dube shi kamar ya yi tambayar wauta.

"Ruwan da ya shiga ai shi ne zai fita. Ba ni inci ɗaya, dogo guda, na raba da kaina."

Ya hana a yanka, kada zarto ya ci masa wani abu. A tasha direba ya ce sai an biya kuɗin kaya. Haladu ya ɗaga masa bakin fayif ɗin.

"Leƙa, don Allah. Ka ga kaya a ciki? Iska ce zalla. Yanzu iskar ma sai mun biya?"

Dariya ta hana direban magana. Haka muka taho, fayif ya leƙo ta taga, ni ina rungume da gindinsa har gida.

Aka zuba 'ya'yan kifi. Da rana ta take, injin ya samu ƙarfi ya dinga antayo ruwa. Muna dawowa daga Azahar muka jiyo salatin Asabe tun daga zaure. Kwami ya cika ya tumbatsa, 'yan tarwaɗa na ta mutsu-mutsu a tsakar gida, kaji na walima, Asabe na bin su da muciya. Shi kuwa mai gidan ko kallon kajin bai yi ba, ya wuce ya zura yatsa a fayif.

"Na gane! Na hawa inji ke tura shi, na gangarowa kuma da ƙafarsa yake tafiya. Ba adalci ba ne a ba su hanya iri ɗaya."

Asabe ta ce, "Malam, kaji na cinye mana awaki, kai kana maganar adalci!"

Da yamma sai ga Ɗan'azumi, wai jaje ya zo, yana ƙarawa da cewa Alhaji har yanzu yana nan kan bakansa. Haladu ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi har bakin titi don ya tabbatar ya tafi.

Karo na biyu kekensa ya sayar. Ya sayo fayif inci huɗu, irin wanda ake sa wa banɗaki, ya kafa a mafita yana murmushi.

"To, in ya isa ya tumbatsa mu gani. Wannan ko ɗan akuya zai bi ta ciki."

Gaskiya ya faɗa, ruwa bai tumbatsa ba. Sai dai da gari ya waye babu kifi ko ɗaya a kwamin. Duk sun bi hanyar sun gangara durom, sun maƙale cikin tsakuwa sun mutu. Na ce, "Ai titi ka yi musu, sun tafi ci-rani." Na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, sai na bar zolayar. Rumbu ya kusa ƙasa a lokacin, har Asabe da kanta ta ce ko rabin gonar ce a sayar. Ya daɗe yana kallon kwamin, sannan ya ce, "Sau ɗaya ya rage. In wannan ya ƙi, ni da ƙafata zan je wurin Ɗan'azumi."

Wannan karon bai yi gaggawar zuba kifi ba. Ya bi gari yana aron guntayen fayif, kowane kauri. Ya zuba ɓawon gyaɗa a ruwa, wai su ne kifin gwaji, ya ja layi da gawayi a bango, ya kifa turmi ya zauna gadi. Suna ya wuce shi, ɗaurin aure ya wuce shi. Inci ɗaya da rabi ya riƙa minshari, ruwa na hawa a hankali, ya cire shi. Da ya sa inci biyu, ruwa ya tsaya cak a kan layi har rana ta faɗi. Na mayarwa kuwa ya rage shi ƙasa da inci, don ruwan ya faɗo da ƙarfi kifi su samu iska. Saura abin da zai tare bakin mafita.

Washegari Asabe ta zo tankaɗe. "Malam, ina rariyata?"

"An yi mata ƙarin girma."

Babbar rigarsa ta Sallah ya sayar ya sayo kifi na uku, ya je Idi da tsohuwar taguwa, kansa a sama kamar mai gari.

Jama'a, kun ga abin da ya faru da idonku. Tarwaɗa suka yi ɓul-ɓul kamar damtsen mutum, masu gasa kifi suka zo da mota tun daga Kano. Amma kafin nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, a tabarma muka fito da shi ya ga kamun. Ya hango Ɗan'azumi cikin 'yan kallo, ya sa aka zaɓo manya biyu aka miƙa masa.

"Kai wa Alhaji. Ka ce in kifi yake so, muna sayarwa."

Asabe ta yi farfesu ta kawo masa, ya toshe hanci ya ture kwanon.

"Haba, Asabe, ke da kika san ni da ƙarni?"

Wallahi mutumin nan har ya koma ga Allah bai taɓa sa kifi a bakinsa ba!

Da ruwan shuka ya sauka ya matsa sai an kai shi gona. Na ɗora shi a amalanke na tura. Da hannunsa ya zuba iri a ramin farko, ya ce in taka masa, don ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Bai ga kakar ba. Yau in kun bi ta bayan gari za ku ga katangar bulo ta gabas, katangar bulo ta yamma, a tsakiya geron Haladu ya yi shar, 'ya'yansa na ciki suna noma. Ban taɓa wucewa ba ƙwalla ba ta cika mini ido ba.

Allah ya jiƙan taubashina, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Ya raya abin da ya bari, ya kuma kyautata namu ƙarshen.