Kwanukan Saudatu Sun Shiga Jirgin Ƙasa

Karimatu 'yar yayana ce, Malam Ishaku mahauci, wanda duk Garwa aka san kilishinsa. A hannuna ta yi wayo, don haka ba wanda zai gaya mini halinta. Tun tana ƙarama bakinta ba ya zama banza. Idan yara suka fasa randa ita ake turowa ta yi bayani, kafin ta gama kai ne za ka ba su haƙuri. Da ta dawo daga jami'ar Ngawundere aka ce ta samu aiki a kamfanin hulɗa da jama'a, masu rubuta wa kamfanoni sanarwa da lallashin 'yan jarida, sai na ce to, abin da take yi kyauta yanzu za a biya ta.

Matsalar ɗaya ce: kamfanin ba shi da ofis. Shugabarsu Madam Angélique tana Yawunde, André mai zane-zane yana Duwala, Louis mai ɗaukar hoto yau yana nan gobe yana can, ita kuma Karimatu tana ɗakin da ke kusa da rumfar shanya nama, da kwamfuta a kan teburi. Ta nan suke taro, ta nan suke musu. Suna kiran shugabar da sunanta gatsau, abin da har yau ban saba da shi ba. Kuma suna da wata al'ada: kowace Alhamis da rana kowa ya ɗauko abincinsa, a kunna kyamara a ci tare, ba a maganar aiki.

Yaya Ishaku bai taɓa yarda wannan aiki ne ba. Ba albashin ne ya dame shi ba. Shi mutum ne da ya girma a kwata, inda idan matarka ta haihu mahauta kaf suke cika maka gida.

"Ran da na faɗi na mutu," ya ce mata, "wa zai zo miki gaisuwa daga wurin aikin nan? Fanka?"

Har ya riga ya yi magana da abokinsa Alhaji Wada mai shagon atamfa a babbar kasuwa, za a ba ta kujera a wurin lissafi. Karimatu tana son aikinta kamar me, amma ba yarinyar da za ta ja da ubanta ba ce. Ta zo wurina tana hawaye, na ce ta yi shiru tukuna.

Wata Alhamis Yaya ya shiga ɗakinta neman cajar waya, ya tarar da ita da tuwon shinkafa da miyar nama, ga fuskokin abokan aikinta a kwamfuta a gabanta. Ya sunkuya ya duba. André yana ta fama da busasshen burodi da kifin gwangwani. Yaya ya fito tsakar gida ransa a ɓace.

"Ashe wata da watanni 'yar gidan nan tana cin nama a gaban mutum, shi yana haɗiyar burodi, ko bisimilla ba ta yi masa? A gidan mahauci? Kun zubar mini da mutunci tun daga nan har bakin teku."

Karimatu ta ce, "Baba, yana Duwala fa."

"Duwalar ba a ƙasar nan take ba?"

Shi da kansa ya yanka naman, ya shanya, ya tsoma a labu, kwaɓin tunkuza da yaji, ya gasa. Sannan ya sa aka ɗauko kwanukan auren matarsa Saudatu, masu murfi da zanen fure, waɗanda ko da salla sai ta yi tunani kafin ta fito da su. Saudatu ta ce a sa a leda mana. Ya ce a kwano zai tafi. A nan na gane inda ya dosa. A wurinmu idan maƙwabci ya aiko maka da abinci ba ka riƙe kwano, kuma ba ka mayar da shi wayam.

"Idan kwanukan nan suka dawo da abu a ciki, mutane ne, ki ci gaba da aikinki," ya ce wa Karimatu. "Idan ba su dawo ba, shagon Alhaji yana jiranki. Kuma ban yarda ki gaya musu ba."

Ya sa ta yi alkawari a gabana. Aka ɗaure kwanuka a kwali, mota ta kai su Ngawundere, jirgin ƙasa ya wuce da su kudu. Alhamis ta zagayo, kowa a kyamara yana yagar kilishi. Madam Angélique yaji ya sa ta hawaye amma ba ta ajiye ba. Aka yi ta godiya da Faransanci, Louis har da "useko" ɗinsa na Fillanci da ya tsinta a hanya. Yaya ya saurara ya gyaɗa kai.

Sai shiru. Mako ya bi mako, ba kwano ba labarinsa. Karimatu ta rame. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na ce mata ta ɗan yi musu shaguɓe kawai, ai shaguɓe ba faɗa ba ne. Ta ce, "Gwaggo, alkawari na yi." Yarinyar da aikinta kenan juya magana, amma a nan ta ƙi juyawa. Na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, wata rana Saudatu ta kai mata ruwa ana cikin taro, ta hango kwanonta a kan shiryayye a bayan André, cike da alƙaluma. Ta fito tana salati. Da labari ya kai wa Yaya, sai ya ce a gaya wa Alhaji Wada farkon wata Karimatu za ta fara.

Ana saura 'yan kwanaki, da la'asar, mai babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum ya sauko da kwali a ka, gumin Garwa ya jiƙa shi sharkaf, ya yi sallama a karkace. Karimatu ta leƙo ta tsaya turus. Louis ne. Wata da watanni suna aiki tare, ranar ta fara sanin tsawonsa.

Aka shimfiɗa masa tabarma, aka buɗe kwali. Kwano ɗaya cike da busasshen kifi, wani da farin masoro, wani da naɗin rogo irin nasu na kudu. Karimatu tana fassara, Louis ya yi bayani. Ashe su ma haka al'adar take a garuruwansu, tun ranar da kaya suka isa kowa ya san kwano zai koma. Amma mutanen kamfani ne. Sai da suka buɗe zauren hira a ɓoye ba da Karimatu ba, suka yi taro a kan abin da za a zuba, suka sake taro a kan ko ya halatta ga Musulmi, sannan Madam ta ce ba za a ba ɗan aike ba, a jira sai aiki ya kawo ɗayansu arewa ya miƙa hannu da hannu.

Na ce, "Allah ya shirye ku. Da haihuwa ce da yaron ya yi haƙori."

Saudatu ba ta saurari ko ɗaya ba, kwanuka take dubawa. Ta ce saura ɗaya. Louis ya sosa ƙeya ya ce André ya hana. Wai uwarsa ta ce mutumin da ya hango ɗanta yana cin burodi daga wata uwa duniya ya aiko masa da nama, ba a aika masa da godiya, zuwa ake yi. Zai kawo kwanon da kansa idan ya samu hutu.

Yaya Ishaku ya sunkuyar da kai. Na san shi tun muna yara, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya wayance da gyara hula. Ya sa aka kawo wa baƙo abinci, ya zauna suka ci a kwano ɗaya. Da suka wanke hannu ya ciro waya ya kira Alhaji Wada, muna ji.

"Alhaji, ka ba wani kujerar nan. Yarinyar tana da mutane."

Yanzu kowace Alhamis yana jan kujera kusa da ita da nasa tuwon, ba ya jin Faransanci amma sai ya duba abin da ke gaban kowa. Saudatu kuma tana tsayawa a bayansu ta nuna wa André yatsa, shi kuma ya ɗaga kwanon ya nuna mata ya kwashe alƙaluman.